Bindiga Da Ɗurinta: Tarihin Albarushi Da Harsashi A Ƙasar Haɗeja

Ya ku 'yan makaranta, babu ɗayanku wanda bai taɓa tsayawa kallon hawan Salla ba. Kun ga 'yan bindigar sarki sa'ad da su ke tafe gaban dawaki, su ɗaga dogayen bindigoginsu sama su saki, ƙasa ta girgiza, farin hayaƙi ya turnuƙe, yara su toshe kunne suna dariya. Yawancin 'yan kallo ƙarar kaɗai su ke ji su wuce. Amma wanda ya kafa ido zai ga bayan kowane harbi ɗan bindiga ya kan koma gefe, ya kafa gindin bindigarsa a ƙasa, ya ɗebo wani baƙin gari ya zuba ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ƙarfe. Wannan aiki shi a ke kira ɗuri, labarinsa kuwa mu ke so mu ba ku yau. Gama bindigar da ba a sami abin ɗura mata ba, sanda ta fi ta amfani, don ko ba kome sanda ta fi ta sauƙin ɗauka.

Bari mu fara daga Miga, garin da ke kudu maso yamma da birnin Haɗeja, kusa da fadamun kogin Haɗeja. A zamanin da gari ne na kan iyaka tsakanin ƙasar Kano da ta Haɗeja, yanzu kuwa ƙaramar hukuma ce cikin Jihar Jigawa, wadda aka kafa a 1991. Mutanen irin wannan wuri abu biyu su kan sa su kula da makami. Na fari, garin kan iyaka shi ke fara jin kofaton dawakin mahara. Na biyu, in ruwa ya malale fadama sa'an nan ya janye, tsuntsayen ruwa su kan sauka, dinya da kirinjijiya da 'yan'uwansu, gyado kuma ya shiga gona ya yi ɓarna. Saboda haka maharbi da maƙeri suna da daraja a can tun dā.

To, mene ne albarushi? Abu uku ne a ke haɗawa: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri da a ke tatsowa daga tsohuwar ƙasa, irin ta kango da ta turken dabbobi. Gishirin nan shi ne mafi yawa, wajen kashi 3 cikin 4 na dukan haɗin. In wuta ta taɓa garin sai ya cinye nan take, ya zama iska mai zafi wadda ke neman wuri mai faɗi ƙwarai. Da ya ke an tsare ta cikin bututun ƙarfe, ba ta da mafita sai ta baki, sai ta ingiza abin da ke gabanta ya fita da gudu. Sinawa suka fara sanin wannan haɗi, shekara fiye da 1,000 da suka wuce, daga can ya bi ƙasashen Musulmi ya kai Turai. Kalmar albarushi ma daga Larabci muka aro ta, haka kuma harsashi da bindiga.

Kun ga ashe ƙarfin harbi cikin ɗuri ya ke. In ɗuri ya yi kaɗan, harsashi ya faɗi kafin ya kai. In ya yi yawa, bututu ya tsage, ya tafi da yatsun mai harbi ko idonsa. Kowace bindiga kuwa da nata cikin, wata mai kauri, wata mai sirantaka, wata bakinta da faɗi, wata matsattse. Don haka in maharbi ya sami sabuwar bindiga ba ya gaggawar kai ta daji. Ya kan ɗaure ta jikin itace, ya ja kunamarta da doguwar igiya daga nesa, ya ga ko za ta jure. Sa'an nan ya fara da ɗuri kaɗan, yana ƙarawa sannu sannu, yana duban inda harbi ke sauka, har ya gane abin da ta ke so. Ma'auninsa tafin hannu ne da yatsu: in ya zura sandar ɗuri, ya duba yatsa nawa ta rage a waje, ya san ɗurin yatsa biyu ne ko na uku. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Amma ku lura, ilmin nan a kansa ya ke zaune, ba a rubuta shi ba, yatsan wani kuma ba ɗaya ba ne da na wani. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Yaushe bindiga ta zo ƙasar Hausa? Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438, wani ɗan sarautar Barno mai suna Dagaci ya zo Kano da jama'a da bindigogi. Masana tarihi da yawa suna ganin lokacin ya yi wuri ga bindiga a nan. Abin da ya tabbata shi ne, cikin ƙarni na 16 Mai Idrisu Aloma na Barno ya sami Turkawa 'yan bindiga, suka koya wa bayinsa harbi, limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa. A 1591 kuma rundunar Sarkin Maroko ta ƙetare hamada da bindigogi, ta karya babbar rundunar Songhai a Tondibi, kusa da Gao. A Kano, littafin nan ya ce zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo bindigogi daga Nupe, Babba Zaki kuwa, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Sai ku yi tsammani daga nan bindiga ta kori baka da mashi. Ko kusa. A 1826 Baturen nan Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdullahi, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye birnin Gobirawa na Ƙonya. Mayaƙa dubbai ne, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba. A nan ƙasarmu ma haka abin ya ke. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, ya firgita gabashin Kano duk, har Baturen nan Barth, watau Abdulkarim, da ya bi ta Gumel a 1851 za shi Kukawa ya iske mutane cikin tsoronsa. A 1853 Buhari ya karya rundunar da aka tura masa a Kaffur. Ƙarfinsa kuwa dawaki ne, da takobi, da mashi, da 'yan baka. Shi kansa kibiya ce ta yi ajalinsa a 1863, a yaƙin Gogaram ta ƙasar Bade.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne, cikin ɗuri ya ke. Kafin ɗan bindiga ya zuba albarushi, ya danna, ya sa harsashi, ya sake dannawa, ya gyara dutsen ƙyastu, ɗan baka ya saki kibiya da yawa, barde kuma ya iso kansa. Da damina albarushi ya kan sha sanyi ya ƙi kamawa. Gawayi da gishirin ƙasa muna da su, amma farar wuta sai fatake sun ɗauko ta a raƙumi daga Tarabulus. Darma kuma tsada gare ta, saboda haka a kan ɗura guntayen ƙarfe da maƙeri ya sassara, ko tsakuwa. Irin wannan harsashi ba ya cika bakin bindiga, yana tafe yana karo da bangon bututu, in ya fita sai ya bi inda Allah Ya nufa. Ɗan baka kuwa kyauro da ƙarfe da dafi duk a dajinsu ya ke samu, ba ya jiran ayari.

Su kansu bindigogin akwai magana a kansu. Doguwar adaka da ke hauhowa daga bakin teku ta Nupe da ƙasar Yarbawa, Turawa suna kiranta da sunan mutanen Danmak, don su ma sun yi cinikinta a gaɓar Ankara, amma yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam a ke ƙera ta. A 1813 aka kafa wani gida a Birmingham don gwajin bututun bindiga. A can a kan yi wa sabon bututu ɗurin da ya fi ƙa'ida, a tayar, in ya jure a buga masa hatimi. Kun ga daidai da abin da maharbinmu ke yi da itace da igiya, sai dai su da ma'auni su ke yi, suna kuma rubutawa. Duk da haka bindigogin da a ke aikowa Afirka su ne mafi araha, ƙarfensu mafi rauni, da yawa sun fashe a hannun masu su.

Cikin sarakunan da ke kewaye da mu, wanda ya fara gane cewa mai albarushi shi ne mai bindiga, Sarkin Damagaram Tanimu ne, wanda ya rasu a 1884. Ya tara maƙera a birnin Zindar, suna haɗa albarushi, suna gyaran bindigogi, har suna zuba igwa ta tagulla. Baturen Jamus Nachtigal, da ya zauna a Kukawa, ya ji labari cewa yana da bindiga wajen 6,000 da igwa 40. Ko an yi ƙari cikin lissafin, Damagaram ta zama abin tsoro ga Gumel da Haɗeja da Kano. Sarkin Kano Alu, 1894 zuwa 1903, wanda ya kara da Damagarawa, shi ma ya tara 'yan bindiga cikin bayinsa, har a ke yi masa kirari da Mai Sango. Sango kuwa wani gajeren mashi ne mai dafi da maharban giwa ke ɗurawa cikin bindiga maimakon harsashi. Wannan dabara ce ta mutanen ƙasar nan, sun ga harsashinsu ba ya kashe giwa, suka haɗa ƙarfin albarushi da dafin kibiya.

To, sa'ad da mu ke wannan, a Turai an sake wa bindiga ciki. Maƙeransu sun daɗe da sanin cewa in aka tsaga layuka cikin bututu, a murɗe kamar murɗin igiya, harsashi zai fita yana juyawa. Kun san katantanwa: muddin tana juyi a tsaye ta ke, in juyi ya ƙare ta faɗi. Haka harsashi mai juyawa ke tafiya sak. Wahalar ita ce, sai harsashi ya matse cikin bututu sosai kafin tsagar ta kama shi, matsattsen harsashi kuwa da wuyar dannawa ta baki. A 1849 wani hafsan Faransa mai suna Minié ya fito da harsashin darma mai rami a gindi. Yana shiga da sauƙi, in albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya kama tsagar. Bayan wannan aka haɗa albarushi da harsashi da 'yar hular da ke ba da wuta cikin kwanso ɗaya na tagulla, a sa shi ta gindin bututu. Sojan Ingila suka karɓi bindigar Snider a 1866, da Martini-Henry a 1871, na Faransa suka karɓi Gras a 1874. Soja yana kwance rub da ciki ya harba sau 10 cikin minti ɗaya, ya sami mutum daga yadi ɗari da yawa, ruwan sama kuma bai hana shi ba.

Amma sabon bututu ya zo da sabon sharaɗi. Adaka ba ta da zaɓe, abin da aka ba ta shi ta ke ci. Bindiga mai tsaga kuwa ba ta karɓar kome sai harsashin da aka auna dominta. Bakin bindigar da sojan Ingila suka karɓa a 1888 faɗinsa kashi 303 ne cikin 1,000 na inci. Ku ɗauki rula ku dubi inci ɗaya, ku yi tunanin raba shi 1,000, sa'an nan ku gwada da awon yatsa. Ga kuma wani misali da zai nuna muku yadda bututu da ɗuri ke tafiya tare. A 1884 wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1889 Ingilishi suka haɗa nasu. Da suka ɗura shi cikin bindigarsu ta Lee-Metford, sai zafinsa ya riƙa cinye tsagar bututun da wuri. Dole a 1895 suka sake wa bututun tsaga mai zurfi, aka sami bindigar Lee-Enfield. A 1884 ɗin nan kuma Hiram Maxim ya ƙera bindiga mai ruwa, wadda ke ɗura wa kanta, tana zubar da harsashi wajen 600 cikin minti ɗaya.

A 1890 manyan ƙasashe suka taru a Burasal ta Beljiyam, suka sa hannu a wata yarjejeniya ta hana cinikin bayi. A cikinta suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindiga mai tsaga da harsashinta, suka bar musu adaka mai dutsen ƙyastu da albarushin kasuwa. Ko da wani sarki ya sami sabuwar bindiga a ɓoye, ran da kwansonsa suka ƙare ta zama kayan ado. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mutum biyu sun yi ƙoƙarin warware wannan ƙulli. Na fari Samori Ture, a ƙasashen yamma, wajen Gini da Mali na yanzu. Ya sayi bindigogi ta Saliyo, maƙeransa suka kwance su suka duba, har suka iya kwaikwayon bindigar Gras da hannu. Bayan kowane yaƙi mayaƙansa su kan tsince kwanson da aka harba, a kai wa maƙera su sake ɗura musu albarushi da darma. Da wannan ya yi ta fama da Faransawa shekara da shekaru, sai a 1898 suka kama shi. Na biyu Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa, yana da ma'aikata masu haɗa albarushi da gyaran bindigogi. Faransawa suka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu, 1900. Ƙoƙarinsu abin a yaba ne, amma akwai iyakar da guduma da zuga-zugi ba su wucewa. Maƙeri ya iya zuba darma, ya iya cika tsohon kwanso. Garin da ke cikin 'yar hular nan kuwa, da albarushi marar hayaƙi, aikin masana haɗa magunguna ne, kwanson tagulla kuma in an maimaita shi ya kan gaji ya tsage.

Sauran labarin kun san shi. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ran 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ran 27 ga Yuli. Haɗeja ta saura tana kan ƙafarta. Ran 25 ga Afrilu, 1906, Kanar Lowry Cole ya iso bakin ganuwa da soja da igwa da bindiga mai ruwa. Aka aika wa Sarki Muhammadu ya miƙa wuya, ya ƙi. Barade suka fito da takobi da mashi suka auka wa soja, aka yi ta yaƙi cikin lunguna har ƙofar fada, Sarki ya faɗi tare da waɗansu 'ya'yansa da manyan jarumawansa. Shi ya sa har yau a ke kiransa Mai Shahada, Allah Ya jiƙansu. Kada wani ya gaya muku ƙarfin zuciya suka rasa, ko abokan gābarsu sun shaide su da jaruntaka. Sojan da suka harbe su ma yawancinsu baƙar fata ne irinmu, Hausawa da Yarbawa da sauransu. Bambancin yana cikin jakar da ke rataye a ƙugun kowane soja, cike da kwanso, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa, an auna shi a wata ƙasa mai nisa.

Yanzu mu koma kan maganar da muka ce ku riƙe. Maharbin fadama da ma'aikacin Birmingham hanya ɗaya suka bi: a gwada, a duba, a gyara, a sake gwadawa. Hankalin wannan bai fi na wancan ba. Sai dai ɗaya ya auna da yatsa ya riƙe a ka, in ya mutu rabin saninsa ya bi shi kabari, ɗansa ya fara daga tushe. Ɗayan ya auna da ma'auni wanda kowa ya yarda da shi, ya rubuta, na bayansa ya ɗora daga inda ya tsaya. Shekara 100 na irin wannan ɗori ita ta raba adaka da bindiga mai ruwa. Nijeriya ba ta kafa masana'antar harsashi irin ta zamani ba sai a 1964, a Kaduna, bayan samun mulkin kai.

Ba mu ba ku labarin nan don ku je ku taɓa albarushi ba. Abu ne mai cin mai shi, dokar bindigogi ta 1959 kuma ta hana riƙe bindiga ko ƙera ta ba tare da izinin hukuma ba. Ƙasarmu ta sha wuyar bindiga isasshiya. Abin da mu ke so shi ne, gobe in malam ya shigo da rula da sikeli, ya ce a auna a rubuta, kada ku ɗauka wahalar banza ce. Manomin fadama mai son ya san takin da ya dace da shinkafarsa, da mai ba da magani a asibiti, da mai haƙa rijiya, duk awon nan su ke bukata. In kun tafi hutu, ku zauna wurin tsofaffin maƙera da maharba na garinku, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su yadda su ke gane ƙarfe mai kyau, da itacen da gawayinsa ya fi, da sunayen kayan aikinsu, ku rubuta cikin littafinku da sunan gari da shekara. Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.